Ƙafa me na ci ban ba ki ba: Ciwon diddige a yankin da gudu ke ceton rai

Duk wanda ya taɓa fama da ciwon diddige ya san cewa lokacin da ya fi azaba shi ne takun farko bayan an tashi daga barci. Mutum zai miƙe daga tabarma ko ya sauko daga gado, da ya ɗora nauyinsa a kan ƙafar sai ya ji kamar an soka masa ƙusa a ƙarƙashin diddige. Sai ya dafa bango, ya ɗingisa taku goma ko ashirin, kafin ƙafar ta saki ya iya tafiya daidai.

A Abuja ko Legas, iyakar ɓarnar wannan ɗingishi na minti biyar ita ce mai gudun motsa jiki ya fasa fita da safe. A ƙauyukan Sabon Birni da Isa kuwa, akwai daren da ba kiran sallah ke tayar da mutum ba. Ƙarar babura ce ko ta harbi, kuma minti biyar ɗin da diddige ke nema kafin ya saki, su ne ba a da su.

Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa a daina yi wa ciwon kallon lalurar 'yan wasa da ma'aikatan ofis. A gabashin Sakkwato, lafiyar ƙafa tana cikin kayan tsira, kuma maganin da ya fi aiki a kan wannan ciwo ba ya buƙatar kuɗi. Matsalar ita ce ba a koyar da shi.

Wani zai ce ana babbakar giwa, wa ke jin ƙaurin zomo? Bai yi ƙarya ba. A ƙarshen watan Mayun 2020 'yan bindiga sun kashe fiye da mutum 70 a Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da wasu ƙauyukan Sabon Birni. A watan Disamban 2021 an ƙone matafiya a cikin mota kusa da Gidan Bawa, hukuma ta ce mutum 23 ne suka rasu. Ambaton sunan Bello Turji kaɗai kan sa ƙauye ya tashi.

Sai dai duk wanda ya tsira daga irin waɗannan ranaku, da ƙafarsa ya tsira. Wanda ƙafar ta ƙi ɗauka shi ake bari a baya, ko kuma ɗansa ya tsaya jan sa su makara tare.

Gudun da ba a shirya masa ba

A watan Mayun 2020, Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mutum 23,000 sun tsallaka Nijar cikin 'yan makonni daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina, abin da ya sa adadin waɗanda suka tsallaka tun Afrilun 2019 ya haura 60,000. Yawancinsu mata ne da yara, kuma dubbai daga cikinsu sun sauka a yankin Gidan Rumji na Jihar Maraɗi, wanda ke maƙwabtaka da Sabon Birni. Irin wannan hijira ba a yin ta da tikitin mota.

Ban da gudun dare ɗaya, akwai tafiyar yau da gobe wadda ita ce ma ta fi cin ƙafa. Akwai iyalan da ke barin ƙauye da yamma su kwana a gari, su koma gona da sassafe. Akwai masu zagayawa ta daji saboda titi ya zama tarko. A watan Satumban 2021 gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta rufe hanyar Isa zuwa Marnona, ta kuma taƙaita zirga-zirgar babura da dare a ƙananan hukumomin da abin ya shafa. Matakin tsaro ne, amma duk inda babur ya tsaya, ƙafa ce ke biyan bashin.

Sannan ga masu gudu na gaske, irin wanda likitocin wasanni ke magana a kai: samarin da ke fita da asuba suna atisaye don shiga soja ko ɗan sanda, da 'yan ƙwallon unguwa, da 'yan sa-kai da askarawan da gwamnatin Ahmed Aliyu ta ƙaddamar a 2024, waɗanda ke sintiri a ƙasa cikin takalmin da ba lallai ne ya yi musu daidai ba.

Baka da tsirkiya

Ƙafar mutum tana da ƙasusuwa 26, kuma an jera su ne a lanƙwashe kamar baka. A ƙarƙashinsu akwai wata jijiya mai kauri da faɗi da ta taso daga ƙashin diddige ta bazu zuwa gindin yatsu. Ita ce tsirkiyar bakan. Duk lokacin da mutum ya taka, bakan kan ɗan buɗe, tsirkiyar ta miƙe ta riƙe shi. Idan ya ɗaga diddige zai cira ƙafa, babban yatsa kan lanƙwashe sama ya ƙara ɗaure ta tamau.

A tafiya wannan aiki ne mai sauƙi. A gudu, nauyin da ke sauka a kan ƙafa ɗaya kan kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jiki, a kowane taku. Idan aikin ya fi ƙarfin abin da jijiyar ta saba, sai ta fara lalacewa a daidai inda ta manne da ƙashin diddige, ta ɓangaren ciki. Wannan shi ne ciwon jijiyar tafin ƙafa, wanda likitoci ke kira filanta fashiyaitis.

Da dare, lokacin da mutum ke kwance, ƙafa kan saki ta yi ƙasa, jijiyar ta tsuke. Takun farko na safe sai ya fizge ta lokaci ɗaya. Dalilin zafin asuba ke nan, kuma shi ne dalilin da ya sa ciwon kan dawo idan mutum ya daɗe a zaune a majalisa ya zo miƙewa.

An ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin goma zai gamu da shi a rayuwarsa, musamman tsakanin shekara 40 zuwa 60. Abubuwan da bincike ya nuna suna jawo shi sanannu ne: doguwar tsayuwa ko tafiya a ƙasa mai tauri, ƙarin aiki farat ɗaya, taurin agara da naman sha-raɓa wanda ke hana idon sawu lanƙwasawa sosai, da kuma ƙiba.

Batun ƙiba kan sa a ɗauka talaka ya kuɓuta. Jijiyar ba ta san bambancin kitse da kaya ba. Jarka mai lita 25 ta ruwa kilo 25 ce. Matar da ta goya yaro, ta ɗora ƙunshin kaya a ka, ta ja wani yaron a hannu, ƙafarta tana ɗauke da nauyin da ya kai na mai teɓa, a cikin silifas ɗin da ya cinye har diddige na taɓa ƙasa.

Akan ji dattawa suna cewa kakanninsu sun yi fatauci har Gwanja a ƙafa suna sayo goro, ba su san wani ciwon diddige ba. Haka nan akan kawo misalin Abebe Bikila na Habasha, wanda ya lashe gudun famfalaki na gasar Olamfik a Rum a 1960 ba takalmi. Duk gaskiya ne cewa ƙafar da ta saba tana da juriya mai ban mamaki. Amma fatake suna da zango. Madugu ya san inda za a yada kaya a huta, ya san tafiyar da ayari zai iya a yini. Bikila kuma ya yi shekaru yana horo. Abin da ke karya jijiya shi ne tsalle daga tafiyar kilomita biyu a rana zuwa ashirin cikin dare ɗaya, sannan washegari a sake, babu zango.

Shawarar da ba ta san hanyar Goronyo ba

Wanda ya buɗe waya ya nemi maganin ciwon diddige zai tarar da amsa iri ɗaya a ko'ina: a huta, a sa ƙanƙara, a sayi takalmin gudu mai kyau, a ga likitan gashin ƙashi. An rubuta wannan ne don mutumin da gudu zaɓi ne a gare shi. Shahararren ɗan wasan golf na Amurka, Tiger Woods, ya janye daga wata gasa a ƙarshen 2022 saboda wannan ciwo. Manomin da geronsa ya isa girbi a gonar da sai an yi sauri a shiga a fito ba shi da gasar da zai janye daga ita.

Ƙanƙara sai da wuta. Takalmin gudu sabo kuɗin buhun hatsi ne ko fiye. Likitocin gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi kuwa, sai a manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, tafiyar awanni a mota. A kan hanyar dawowa daga Sakkwato ɗin ne aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a watan Yulin 2024, aka kuma kashe shi a watan Agusta. Babu mai hankalin da zai ce wa tsohuwa ta hau wannan hanya saboda diddige.

To idan shawarar waya ba ta yi ba, sai mutum ya koma ga abin da ke kusa.

Kemis, allura da sakiya

Abin da ke kusa shi ne kemis. Ana haɗa wa mutum ƙwayoyin kashe zafi kala biyu ko uku a leda, ya sha ya ji sauƙi, gobe ya dawo. Magunguna irin su dikilofenak da ibufurofen suna rage zafi na ɗan lokaci, kuma ba laifi ba ne a sha su na 'yan kwanaki bisa shawarar ma'aikacin lafiya. Shan su wata da watanni ne ke jawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda, musamman ga wanda ke aiki a rana a watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40 kuma jiki ke ƙarancin ruwa.

Akwai kuma wani abin lura. A 2003 wasu likitoci a Amurka sun duba naman jijiyar da aka ciro daga marasa lafiya 50 da aka yi wa tiyata, suka tarar cewa abin da ke wurin lalacewa ce da sakwarkwacewa, ba kumburi irin na sabon rauni ba. Ke nan maganin kumburi ba ya gyara asalin matsalar a ciwon da ya daɗe. Yana dai rufe bakin ƙafar ne don kada ta yi ƙara.

Mafi haɗari shi ne tiramadol. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 na ta'ammali da ƙwayoyi, kuma miliyan 4.6 daga ciki suna shan irin su tiramadol da kodin ba bisa ƙa'ida ba. Ba kowa ne ya fara don maye ba. Saurayin da ya sha don ya iya ƙarasa gudun atisaye ya toshe kunnensa ne daga gargaɗin da jikinsa ke yi masa, jijiyar na ci gaba da lalacewa, shi kuma yana ƙulla wata sabuwar lalura da ta fi diddige wuyar rabuwa.

Allurar da likitoci ke yi a cikin diddigen kansa, mai sinadarin sitiroyid, tana kawo sauƙi, amma bincike ya nuna sauƙin bai cika wuce kimanin wata guda ba. Idan aka yawaita ta, tana iya tsinka jijiyar ko ta narkar da kitsen da ke ƙarƙashin diddige, wanda shi ne matashin da Allah ya yi wa ƙashin, kuma idan ya tafi ba ya dawowa.

Wasu kan ce sanyi ne ya sauka a ƙafa, wasu su ce an taka wani abu. Daga nan sai wurin wanzami a yi tsaga ko ƙaho, ko a yi sakiya da ƙarfe mai zafi. Wanzamai da maɗora suna da gurbinsu a al'umma, kuma su ne ke nan a lokacin da ma'aikacin asibiti ya gudu. Amma yanka ko ƙuna a tafin ƙafa, wurin da ke cikin ƙasa da kashin dabbobi kullum, ƙofa ce ga gyambo da cutar sarƙewar haƙora. Ga mai ciwon suga, irin wannan rauni na iya kai wa ga yanke ƙafa.

Wanda ya samu ya yi hoton ƙashi kuma, wani lokaci akan nuna masa wani ɗan tsini kamar ƙaya a ƙarƙashin diddige, hankalinsa ya tashi ya ɗauka sai tiyata. Mutane da yawa suna da wannan tsini ba su taɓa jin ciwo ba, wasu kuma suna da ciwon babu tsinin. Ba shi ke sukar mutum ba.

Abin da ke aiki

Labari mai daɗi shi ne kusan takwas zuwa tara cikin goma na masu wannan ciwo suna warkewa cikin shekara guda ba tare da tiyata ba. Shekara tana da tsawo ga wanda ke kwana da kunne ɗaya a buɗe, shi ya sa abubuwan da ke gaggauta sauƙi suke da muhimmanci.

Na farko shi ne miƙe jijiyar kafin a taka ƙasa. Mutum ya zauna, ya ɗora ƙafar mai ciwo a kan gwiwar ɗayar, ya kama yatsun da hannu ya ja su baya zuwa wajen ƙwauri har ya ji tafin ƙafar ya ɗaure. Idan ya taɓa da ɗayan hannun zai ji jijiyar ta miƙe kamar igiya. Ya ƙirga goma, ya saki, ya maimaita sau goma. A yi haka sau uku a rana, kuma na farkon ya zama kafin a miƙe da asuba. A yi shi kuma duk lokacin da aka daɗe a zaune.

Wannan ba shaci-faɗi ba ne. Likitoci a Jami'ar Rochester ta Amurka sun gwada shi a 2003 a kan mutum 101 da suka shafe aƙalla wata goma suna fama, kuma bayan mako takwas waɗanda suka yi shi sun fi samun sauƙin zafin safe a kan waɗanda suka tsaya ga miƙe agara kawai.

Miƙe agarar ma yana da amfani. A dafa bango, a mayar da ƙafar mai ciwo baya, diddige a ƙasa, gwiwa a miƙe, a karkata gaba har a ji bayan ƙwauri ya ja, a riƙe na rabin minti.

Na biyu shi ne ƙarfafa ƙafar, kuma a nan ne mutane suka fi mamaki, domin sun ɗauka abin da ke ciwo hutu kawai yake so. Wani bincike da aka yi a Denmak a kan mutum 48, wanda aka wallafa a 2015, ya sa rabinsu suna wani motsi: a tsaya a kan dakali ko bulo da gaban ƙafa, diddige na lilo a iska, a naɗe tsumma a sa ƙarƙashin yatsu don su ɗaga sama. A ɗaga diddige a hankali cikin ƙirga uku, a tsaya a sama cikin ƙirga biyu, a sauko cikin ƙirga uku. Sau 12, a huta, a sake har zagaye uku. Yau a yi, gobe a huta. Wanda ƙafa ɗaya ta yi wa wuya ya fara da biyu. Idan ya yi sauƙi, a goya jaka mai ɗan nauyi, a rage yawan maimaitawa.

Bayan wata uku, waɗanda suka yi wannan sun fi sauran samun sauƙi. Bayan shekara duka ɓangarorin sun zo daidai. Ma'ana ba sihiri ba ne, yana dai rage tsawon wahalar. Bulo da tsumma kuwa babu gidan da ya rasa su, ko a makarantar firamaren da 'yan gudun hijira suka fake.

Na uku takalmi. Ba sai na kanti ba. Abin nema shi ne takalmin da bayansa ya ɗan fi gabansa tudu, mai laushi a diddige, wanda ke riƙe ƙafa da maɗauri ko igiya. Gwajinsa a kasuwa mai sauƙi ne: a lanƙwasa shi da hannu, idan ya karye a tsakiya kamar ganye a ajiye, idan ya lanƙwashe a wurin yatsu kawai ya yi. Masu sayen kambas na gwanjo su juya shi su duba ƙasan, domin wanda diddigensa ya cinye ta gefe ɗaya ya riga ya gama aikinsa a ƙafar wani.

Mai gyaran takalmi a bakin kasuwa zai iya yanka soso mai ɗan tauri ko roba ya manna a wurin diddige, a ƙafa biyun duka don kada a karkace. Wani bincike a Ostareliya a 2006 ya gano cewa shimfiɗar cikin takalmi ta kanti da wadda aka auna ƙafar mutum aka ƙera masa da tsada, amfaninsu kusan ɗaya ne. Ke nan talaka bai yi asarar komai ba.

Mai ciwon ya daina yawo ba takalmi a kan siminti ko busasshiyar ƙasa har ya warke, ko da daga ɗaki zuwa bayi ne. Takalmin ya kwana kusa da shimfiɗa. Murza tafin ƙafa a kan kwalba ko taɓarya da yamma yana rage tsami, haka ma tsoma ta a ruwan randa mai sanyi, duk da cewa waɗannan lallashi ne kawai. Ma'aikacin lafiyar da ya iya naɗa filasta a tafin ƙafa don ta tallafi bakan zai iya sama wa mutum sauƙin 'yan kwanaki, abin da ke da amfani ga wanda tafiya ta kama dole.

Ga mai neman kaki

Saurayin da ya ji an buɗe shafin ɗaukar kurata kan tashi daga zaman majalisa ya fara gudun kilomita goma kullum a kan kwalta, cikin takalmin ƙwallo ko silifas. Mako uku sai diddige ya kama. Sai ya ƙara ƙaimi, a tunaninsa ragwanci ne ke son kayar da shi. Irin wannan kan isa wurin tantancewa yana ɗingishi, ko ya samu shiga barikin horar da kurata na Zariya ƙafar ta tona masa asiri a can.

Ba lallai ne ya daina gudu gaba ɗaya ba. Ya rage nisan zuwa rabi, ya riƙa tsallake rana, ya bar kwalta ya koma ƙasa mai ɗan laushi, amma ba yashin gulbi mai zurfi ba, domin shi ma yana wahalar da jijiyar. Ya bar tsere da hawan tudu tukuna. A ranakun hutu ya hau keke don kada numfashinsa ya ragu.

Alƙalinsa shi ne takun farko na washegari. Idan zafin ya fi na jiya, ya yi yawa, ya ja baya. Idan daidai yake ko ya ragu, zai iya ƙara kaɗan a mako mai zuwa. Wanda ke da niyyar shiga aikin kaki ya fara shiri wata huɗu ko biyar kafin lokaci, ba ranar da ya ga sanarwa a Facebook ba.

Ba kowane ciwon diddige ba

Akwai alamomin da ke nuna abin ya wuce jijiya. Idan diddige ya kumbura, ko aka matse shi ta gefe biyu ya yi zafi sosai, ko ciwon na ƙaruwa da tafiya maimakon ya saki, ƙashin na iya zama ya tsage saboda yawan aiki, abin da ya fi samun wanda ke tafiya mai nisa ba ya cin abinci isasshe. Idan aka ji wani abu ya tsinke farat ɗaya ana cikin gudu, ko ƙafar na dindiris da zafi kamar barkono, ko akwai zazzaɓi da ja da ruwa, ko ƙaya ko ƙusa ta shiga, wannan na asibiti ne, kuma a tambayi allurar rigakafin sarƙewar haƙora.

Yaro ɗan shekara 8 zuwa 14 mai kukan diddige bayan ƙwallo, galibi wurin da ƙashin ke girma ne ya gaji, kuma yana wucewa da rage wasa. Mai ciwon suga da mai sikila kuwa, duk wani ciwon ƙafa nasu ba na jira ba ne.

Darasin rabin yini

Babu mai cewa gwamnatin Sakkwato ta gina cibiyar gashin ƙashi a kowace mazaɓa. Abin da ake buƙata ya fi haka araha nesa ba kusa ba. Duk abin da aka zayyana a sama, likitan gashin ƙashi ɗaya zai iya koyar da shi cikin rabin yini ga ma'aikatan lafiya na matakin farko da ke manyan asibitocin Sabon Birni da Isa da ƙananan asibitocin da suka rage a buɗe. Su kuma su koya wa ungozomomi da masu kemis, har da wanzamai, tunda wurinsu ake fara zuwa. Mai kemis ɗin da ya san ya tambayi "da safe ya fi zafi?" kafin ya miƙa leda ya riga ya ceci ƙodar wani.

Bidiyon minti biyu da Hausa, wanda ke nuna yadda ake jan yatsu da hawa bulo, zai zagaya WhatsApp cikin kwana ɗaya, kuma gidajen rediyo na iya bayyana shi da baki ga waɗanda ba su da babbar waya. Masu horar da askarawa da 'yan sa-kai su ma su sa shi cikin atisayen safe, su kuma bari kowa ya gwada takalminsa kafin a ba shi, maimakon a raba lamba ɗaya ga kowa.

Sai kayan agaji. Idan hukumomi da ƙungiyoyi da 'yan siyasa suka kai tallafi ga 'yan gudun hijira, abin da aka saba gani a hoto shi ne shinkafa da gero da tabarma da bargo da bokiti. Duk ana buƙatarsu. Amma mutanen da ke layin karɓa sun iso wurin ne a ƙafa, wasu silifas ɗinsu ya tsinke tun a daji, kuma da yawansu gobe za su sake taka hanyar komawa gona. Takalmin roba mai maɗauri da kaurin diddige, lamba daban-daban na manya da yara, bai kai kuɗin bargo ba, kuma ana samun sa a kowace babbar kasuwa daga Sakkwato har Maraɗi.